Motar gudu a hanyoyin Zamfara: Sayenta ba wuya, ciyar da ita ne aiki

Duk wanda ya saba leƙa wuraren sayar da motoci a Gusau, ko shafukan dillalai a Facebook da WhatsApp, zai lura da wani abu mai ɗaure kai. Tsohuwar Marsandi ko BMW mai katafaren inji, wadda lokacin da take sabuwa ta ninka Corolla sau uku a farashi, yanzu tazarar da ke tsakaninsu ta ragu ƙwarai. Wani lokaci ma dillalin Corolla ya fi taurin kai wajen ciniki.

Matasa da dama da suka fara samun kuɗi, daga cinikin hatsi, ko kwangila, ko harkar siyasa, suna kallon wannan a matsayin garaɓasa. Ni ban ɗauke shi garaɓasa ba. Kasuwa ce take faɗa maka gaskiya a kaikaice: farashin ya faɗi ne saboda waɗanda suka riƙe irin motar sun san abin da take ci.

Iyayenmu da suka riƙe dawakin hawan sallah sun san wannan lissafi. Kuɗin doki sau ɗaya ake biya. Gero da dusa da harawa da kanwa da ladan mai kula da barga kuwa, kullum ne, ko an hau ko ba a hau ba.

Motocin da nake nufi su ne ƙananan motoci masu ƙofa huɗu da aka ƙera don gudu: Marsandi samfurin AMG, BMW samfurin M, Dodge Charger mai silinda takwas, da ƙannensu irin su C350 da E350 da Lexus GS 350, waɗanda suka fi yawa a titunanmu. Zan ɗauki guda ɗaya in yi misali da ita, wato C63 AMG da aka fara sayarwa a 2008. Injinta lita 6.2 ne, silinda takwas, ƙarfin doki kimanin 450. Kamfanin ya ɗaure gudunta a kilomita 250 cikin awa, kuma da ba a ɗaure ba za ta wuce haka.

Fetur

A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai. Kafin ranar, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Cikin kwanaki ta haura 500, a watan Yuli ta kai 617, kuma a Oktoban 2024 ta tsallake naira 1,000 a wurare da yawa. Fetur ɗin matatar Dangote da ya fara fitowa a Satumban 2024 ya sassauta farashin daga baya, amma babu mai tsammanin komawa gidan jiya. Mu da ke nesa da teku kuma kullum namu ya ɗara na Legas, saboda kuɗin dakon tanka.

Ƙiyasin hukumar kare muhalli ta Amurka ya nuna C63 tana shan kusan lita 20 a kowane kilomita 100 cikin gari, da kimanin lita 12 a babbar hanya. Wannan kuma sabuwa ce, a kan titi mai kyau. Corolla ta wannan zamanin ba ta cika wuce lita 8 zuwa 9 cikin gari ba.

To mu buga lissafi. Mu ce mutum yana zaune a Furfuri, a ƙaramar hukumar Bunguɗu, yana shiga Gusau kullum, yana leƙa Tsafe sau ɗaya ko biyu a wata, jimilla kilomita 1,200. Mu ɗauki lita a naira 900. In mun ba C63 lita 18 a kilomita 100, za ta sha lita 216, wato naira 194,400. Corolla a lita 8 za ta sha lita 96, wato naira 86,400. Bambancin kawai naira 108,000 ne a wata. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ke nan rarar man da motar ke sha ta fi albashin ma'aikaci guda da rabi, ba a taɓa taya ba, ba a ga bakanike ba.

Mutanen Zamfara ba su manta da 2021 ba, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta ɗauki matakan toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kaya. An katse layukan waya, an rufe kasuwannin mako-mako, an hana sayar da mai a jarka, an taƙaita sayarwa ga gidajen man Gusau da hedikwatocin ƙananan hukumomi, kuma kada mutum guda ya sha sama da na naira 10,000. A farashin wancan lokaci na naira 165, wannan kuɗi lita 60 ne, kusan cikin tankin C63 mai lita 66. A farashin naira 900 kuwa, naira 10,000 lita 11 ce kacal. A wannan mota, ba za ta kai ka Tsafe ta dawo da kai Gusau ba.

Akwai kuma matsalar da ta fi tsadar man, wadda dillalai ba sa kawowa a hira: irin man. Injin gudu yana matse iska da fetur fiye da injin talaka, don haka yana buƙatar fetur mai jure matsi ba tare da ya kama da wuri ba. Ana auna wannan juriya da lambar da ake kira okten. Waɗannan motoci suna son 95 zuwa 98 a ma'aunin Turai. Ƙa'idar fetur ɗin Najeriya kuwa a wajen 91 take, kuma galibin gidajen mai iri ɗaya suke sayarwa, babu zaɓi.

Ga inda mutane ke ruɗewa. Motar da ta fito daga Amurka za ka ga an rubuta 91 a murfin tankinta, sai mai ita ya ce ai ga shi daidai da namu. Ba daidai ba ne. Amurkawa da wani ma'auni dabam suke amfani, kuma 91 nasu ya yi daidai da kusan 95 a ma'aunin da muke bi. In ka zuba mata namu, kwamfutar motar za ta ji injin yana ƙwanƙwasa, sai ta rage masa ƙarfi don kada ya lalace. Ka biya kuɗin dawakai 450, amma ba duka ke fitowa daga barga ba, kuma dukansu suna cin abinci.

Wannan idan man mai kyau ne ke nan. A Fabrairun 2022 kamfanin NNPC da kansa ya amsa cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta Beljiyam, motoci suka lalace, layi ya dawo gidajen mai. In haka ta faru ta hanyar hukuma, me za a ce da man galan na 'yan bumburutu a bakin hanya, wanda ba ka san da me aka haɗa shi ba? Tsohuwar Golf za ta yi tari ta wuce. Injin da nozul ɗinsa ke fesa mai kai tsaye cikin silinda ba ya yafe irin wannan.

Bakin mai, fulogi da taya

Injin C63 yana ɗaukar bakin mai sama da lita 8, ninki biyun na Corolla, kuma ba kowane iri ba. Sai na roba mai sirara, wanda ya dace da ƙa'idar da kamfanin ya rubuta a littafin motar. Jabunsa ya cika kasuwa, cikin galan mai kyan gani, kuma ba ka gane ka sayi jabu sai injin ya fara kuka. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska da wuri, zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 yana dafa man, don haka tazarar sabis da aka tsara wa Jamus ba ta aiki a nan. Dole ka yawaita.

Fulogi ma haka. Corolla huɗu take da su. Dodge Charger mai injin Hemi da wasu tsofaffin Marsandi masu silinda takwas biyu-biyu suke sa wa kowace silinda, wato 16.

Amma taya ce ke fara karya wa mutum gwiwa. Motocin gudu suna da manyan ƙafafu da siraran tayoyi, naman da ke tsakanin ƙarfe da kwalta bai fi faɗin yatsu uku ba. An yi haka ne don motar ta kama titi a kwana. A kan hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta bi Tsafe da Kwatarkwashi zuwa Gusau, ko wadda ta wuce ta Bunguɗu zuwa Sakkwato, rami ɗaya da ka faɗa da gudu ya isa ya kumbura gefen tayar ya kuma lanƙwasa ƙarfen. Sau da yawa tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, ba za ka iya musanya su don su ci daidai ba. Mai faci na bakin hanya, in ya zura ƙarfensa zai ɓalle tayar, ƙafar yake kankarewa.

Idan sabuwar taya ta gagara, sai a koma 'yar gwanjo, duk da cewa doka ta hana shigo da tsofaffin tayoyi. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana gargaɗi kan tayar da ta wuce shekara huɗu. Ka ɗora tsohuwar taya a motar da ke kai kilomita 200 kafin ka ankara, a kan kwalta mai zafin rana tsaka, ka san abin da ka haɗa.

Ba na mantawa da tudun rage gudu da kowane gari ya gina a bakin hanya, wasu da siminti, wasu da ƙasa da itace. Motar da cikinta ke kusa da ƙasa sai ta karkace ta hau a hankali, Golf cike da buhunan masara tana yi mata hon a baya. Ranar da aka manta, bamba ko kaskon bakin mai ne ke biya. Hanyar ƙauye da damina kuwa, ba a ma maganarta.

Wa zai gyara?

Ba raina masu gyaranmu nake yi ba. Bakaniken Gusau da ya shekara 20 a kan Golf da Peugeot 406 da Corolla da Hilux, da kunne kawai yake gane ciwon mota, kuma yakan tayar da abin da Bature zai ce a jefar. Tun da kamfanin PAN ya fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, Arewa ta tara ilimin waɗannan motoci da kayansu.

Sai dai dabarun da ke raya waɗancan motoci su ne ke kashe waɗannan. Cire abin da ke daidaita zafin ruwan inji da sunan wai ƙasarmu da zafi, haɗa fanka kai tsaye da batir, zuba ruwan rijiya a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji, zuba bakin mai mai kauri don a rufe ƙara, fasa tukunyar salansa da ake kira indomi a sayar: kowanne daga cikinsu yana rikita kwamfutar motar. Motar zamani tana da kwamfutoci da dama da ke magana da juna. A wasu BMW, ko batir ka canza sai an sanar da kwamfuta da na'ura, in ba haka ba ta riƙa cajinsa ba daidai ba.

Kowace irin motar kuma tana da ciwonta na gado da masu ita a duniya suka sani. Injinan farko na C63 sun yi suna da matsalar kusoshin kan inji. BMW M5 mai silinda 10, da aka yi tsakanin 2005 da 2010, ta yi suna da cin metal. Marsandi masu shokozoba na iska, ranar da jakar ta fashe za ka wayi gari ka tarar motar ta durƙusa kamar raƙumi. Waɗannan ba gyaran ƙarƙashin bishiya ba ne.

Abin da ke biyo baya kowa ya sani. A nemi motar da za ta ɗauke ta zuwa Kaduna ko Kano ko Apo a Abuja, tafiyar sama da kilomita 400 in Abuja ce. A aika Panteka, a aika Kofar Ruwa, a kira Ladipo a Legas. In ba a samu ba, a yi oda daga Dubai ko Amurka, a jira makonni. A wannan zama mai motar yana hawa acaba ko yana aron motar ƙaninsa.

Kayan kuma da dala ake saye. Kafin a saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a hukumance. A farkon 2024 ta kai 1,500. Kayan gyaran dala 400, wanda a da bai kai naira 200,000 ba, ya koma naira 600,000, ban da dako da kuɗin kwastan. Kayan Corolla ma sun tashi, gaskiya ne, amma nata akwai sabo, akwai na Beljiyam, akwai na China, akwai na motar da ta yi haɗari. Na AMG sau da yawa hanya ɗaya ce.

A ƙara da cewa da yawa daga cikin motocin nan daga gwanjon kamfanonin inshora na Amurka aka sayo su, irin su Copart, bayan haɗari ko ambaliya. An gyara bodi, an fesa fenti, wani lokaci an mayar da lissafin kilomita baya. Wanda ya sayi motar gudu sabuwa a can bai saye ta don zuwa kasuwa a hankali ba. Kai ne na uku ko na huɗu da za ka gaji abin da ya bari.

Inshora ma tana da nata. Tun Janairun 2023 hukumar NAICOM ta mayar da ƙaramar inshorar dole daga naira 5,000 zuwa 15,000, amma wannan wanda ka buge take biya, ba motarka ba. Cikakkiyar inshora ba ta yin ƙasa da kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Motar naira miliyan 30, miliyan ɗaya da rabi ke nan duk shekara. Mafi yawanmu ba ma yi, sai mu ce Allah Ya tsare. Amin. Amma fitilar gaba guda ɗaya ta irin wannan mota, in ɗan acaba ya goge ta a kasuwar Tudun Wada, daga aljihunka za ta fito.

Hujjar tsaro

Hujja mafi ƙarfi da na ji daga masu son waɗannan motoci ita ce ta tsaro. Sukan ce a hanyar da ake tare mutane, mota mai ƙarfi ita ce ke fitar da kai. Ban ɗauki maganar da wasa ba, domin duk mai bin hanyar Tsafe ya san yadda zuciya ke bugawa a wasu wurare.

Amma a duba yadda tarewar ke faruwa. Ba tsere ake yi da kai ba. Toshe hanya ake yi, galibi a inda rami ko kwana ya tilasta wa kowa rage gudu. Abin da ke ceton direba a irin wannan hali, in Allah Ya nufa, shi ne ya hango da wuri, ya juya, wani lokaci ya sauka daga kwalta ya bi gefen gona. Motar da cikinta ke shafar ƙasa ba ta sauka daga kwalta. Kuma babban abin tsoro a hanyar nan shi ne mota ta tsaya maka a daji da la'asar sakaliya. Wace ce ta fi kusa da yin haka: Corolla da kowane yaro a gareji ya san ta, ko motar da wayar firikwensin guda ɗaya za ta sa ta ƙi tashi?

Sannan ga idon jama'a. Kowa a Zamfara ya san matsalar masu kai wa 'yan bindiga rahoto. A garin da attajirai suka koma hawa tsofaffin motoci da gangan, wasu ma suka bar kwana a ƙauyukansu, motar da ake jin rurin salansarta tun daga nesa sanarwa ce. Kuɗin wannan ba ya shiga lissafin wata-wata, amma yana nan.

Ko da hanya lafiya lau take, ina za ka yi gudun? Dokar hanya ta ba ƙaramar mota kilomita 100 a babbar hanya mai tagwaye, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 cikin gari. Tsakanin shingayen jami'an tsaro, da tireloli, da shanu, da yara masu talla, wurin da ya rage na gwada ƙarfin inji shi ne titunan cikin Gusau ranar ɗaurin aure. Mun kuma ga yadda wasan mota a biki ke ƙarewa.

Wanda ke biya

Ba na cikin masu cewa haramun ne mutum ya ji daɗin dukiyarsa. Wanda ke da wata motar ta zirga-zirga, yana da bakaniken da ya san na'ura, kuma miliyan biyu ko uku na gyara a shekara ba za su taɓa tukunyar gidansa ba, ya saya, Allah Ya sa alheri. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Damuwata ita ce wanda ya tattara jarinsa duka, ko ya sayar da gonar gado, ya zuba a mota guda don a san ya iso. Shi ba ya jin nauyin a ranar farko. Uwargida ce ke fara ji, ranar da kuɗin cefane ya ragu saboda an cika tanki. Sai kuɗin makarantar yara ya jira taya. Sai takin damina ya jira giyabos. Namiji kuma ba ya son a ce ya kasa, don haka sai ya ci bashi ya rufe, har abin ya fi ƙarfin rufewa.

Dillalai suna da nasu alhakin. Wanda ya san motar ta sha ruwa a Amurka ya ɓoye, ya ci amana, ko me ya kira abin. Mai saye kuma yana da makami a wayarsa: lambar jikin mota mai harafi da lamba 17, wadda za a iya bincika tarihinta da ita a intanet kafin a biya ko sisi. A kuma kai ta a jona mata na'ura, a wurin wanda ba abokin dillalin ba ne. Hukumar NMDPRA da ke kula da harkar mai ita ma ya kamata ta sa gidajen mai su riƙa rubuta lambar okten a jikin famfo, kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe, mutum ya san abin da yake zubawa.

Wanda kuma ƙarfin inji ne ke burge shi, akwai tsaka-tsaki. Camry ko Honda Accord mai silinda shida tana da ƙarfin da ya wuce abin da hanyoyinmu za su iya ɗauka, tana shan fetur ɗinmu ba gardama, kuma kayanta suna nan a Gusau. Ita ma tana shan mai fiye da mai silinda huɗu, kada a yaudari kai.

Ranar sayarwa ce ake gane sauran lissafin. Ka ɗora galan a saman Corolla da safe, kafin azahar 'yan kamasho sun kewaye ta, har da masu zuwa daga Ƙaura Namoda da Talata Mafara. Ka ɗora shi a saman AMG, za a tsaya a ɗauki hoto, a tambayi nawa take gudu, a ce a tayar a ji kukanta. Mai saye na gaske sai an nemo shi daga Abuja ko Kano, kuma tambayarsa ta farko ita ce wane gareji aka taɓa kai ta a Gusau.